Yadda Ake Sa Agogon Juyin Injin Tsohuwar Mota Ya Yi Aiki Da Sabon Tsarin Wuta

Duk mai riƙe da tsohuwar Peugeot 504 ko 505 a Kano, ranar da zai gaji da kontak tana nan tafe. Yau a goge shi, gobe a sake saita tazararsa, jibi kondensa ta mutu ana tsakiyar cunkoso. Shi ya sa da yawa ke cire shi su sa distiribita mai mojul, wato 'yar na'urar lantarki da ke yin aikin kontak, wasu ma su sauke injin gaba ɗaya su ɗora na kwatano mai kwamfuta. Mota ta tashi da bugu ɗaya, mai ya ragu, kowa ya ji daɗi. Sai a duba dashbod a ga allurar agogon juyin inji ta kwanta a sifili, ko tana tsalle ba kai ba gindi, ko tana nuna rabin abin da ya kamata.

A nan ne ake yin ɓarna. Ɗan rewaya zai ce maka, "Alhaji, ai agogon ya mutu, a sayo na zamani a ɗaure a gefen sitiyari." Galibi bai mutu ba. Saƙon da ya saba karɓa ne aka daina aika masa. Kuma agogon asali, ko Jaeger ne ko Veglia na motocin Faransa, ko VDO na Jamus, ko Smiths na Ingila, yana cikin abin da ke riƙe darajar motar. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, saboda haka 504 ba ta yi wuyar gani ba har yanzu, amma mai cikakken dashbod na asali tana ƙara ƙaranci. Ba ma kowace ce ta zo da agogon juyi ba, wasu agogon lokaci ne a gurbin. In taka tana da shi, kada ka bari a jefar.

Abin da agogon yake ƙirgawa

Agogon ba ya ganin injin. Bugun wuta kawai yake ƙirgawa. A inji mai zagaye huɗu, kowace silinda tana yin wuta sau ɗaya a juyi biyu na karanshaf. Ke nan mai silinda 4 yana ba da bugu 2 a kowane juyi, mai 6 bugu 3, mai 8 bugu 4. Lissafin da za ka riƙe shi ne: juyi a minti, sau yawan silinda, a raba da 120, shi ne yawan bugu a daƙiƙa, wato Hz. Inji mai silinda 4 a juyi 3000 yana ba da 100Hz. A juyi 1500 kuwa 50Hz. Riƙe waɗannan lambobi biyu, za su yi maka amfani wajen saiti.

Ban da yawan bugun akwai ƙarfinsa. Lokacin da kontak ya buɗe, gefen kwayil mai alamar ɗebewa yana yin tsalle zuwa wajen 200V zuwa 400V na ɗan ƙiftawa. Tsofaffin agogo da yawa da wannan tsallen aka gina su, shi ne ke tada su. Kwamfutar inji kuwa 5V ko 12V take fitarwa. Agogon ya saba a daka masa tsawa, yanzu raɗa ake yi masa, dole ya yi shiru. Duk aikin da ke gaba bai wuce gyara abu biyun nan ba: yawan bugu da ƙarfinsa.

Mataki na 1: gane irin agogon da ke hannunka

Cire kan batir na gefen ɗebewa, sannan ka zaro agogon ka juya bayansa. Kafin ka taɓa ko waya ɗaya, ɗauki hoto da wayarka, ka naɗa ɗan farin salatif a kowace waya ka rubuta inda ta fito.

In ka ga kebul mai juyawa irin na agogon gudu ya shiga bayansa, to na ƙarfe ne zalla, ba ruwansa da wuta. Matsalarsa kawai in sabon distiribita ba shi da wurin da kebul ɗin zai shiga. Na motar dizal kuma yawanci daga altaneta yake karɓa, ta ƙafar da aka rubuta W, shi ma wannan bayani bai shafe shi ba sosai.

Sauran iri biyu ne, kuma rikita su shi ne tushen wahala.

Na farko mai jin ƙarfin wuta. Waya ɗaya siririya ce ke zuwa masa daga gefen ɗebewa na kwayil, sai wayar makulli, sai wayar jikin mota, sai ta fitila. A kayan Jamus lambobi ne a jiki: 1 ita ce ta kwayil, 15 wutar makulli, 31 jikin mota, 58 fitila. A Smiths za ka ga an rubuta RVC da ƙananan baƙaƙe a ƙasan fuskar. Mafi yawan abin da za ka tarar a Kano wannan ne.

Na biyu mai jin wucewar wuta. Shi wutar da ke ciyar da kwayil ce gaba ɗaya take bi ta jikinsa kafin ta isa kwayil ɗin. A Smiths an rubuta RVI, kuma shi ne a motocin Ingila irin su MG da Triumph daga shekarun 1960 zuwa farkon shekarun 1970. Alamarsa farar waya da aka lanƙwasa ta bi ta wani ɗan maƙali a bayan agogon, ko farare biyu, ɗaya shiga ɗaya fita. In mai farare biyun ne, gwajin ba wuya: zare su, ka mayar da batir, ka yi ƙoƙarin tada mota. In ta ƙi tashi, ka san da wa kake magana. Ka kuma karanta ƙasan fuskar da kyau, domin motocin Ingila da yawa kafin wajen 1967 gefen tarawa na batir ne ke haɗe da jikin mota. In aka juya batir ɗin motar zuwa tsarin yanzu ba a juya agogon ba, zai iya ƙonewa tun kafin a zo maganar mojul.

A fuskar ko a bayan akwai adadin silindar da aka yi shi domin su. In ka sa inji mai 4 a gurbin mai 6, allura za ta nuna kashi biyu cikin uku na gaskiya ko da komai lafiya.

Mataki na 2: gane irin wutar da aka sa wa motar

Buɗe bonet ka ƙirga kwayil. In ɗaya ne kuma distiribita na nan, sai dai an cire kontak an sa mojul, ko irin na 505 na baya-baya, ko na kasuwa kamar Pertronix da Lumenition da 123ignition, to aikinka mai sauƙi ne. In babu distiribita sai dunƙulen kwayil mai wayoyin fulogi huɗu, kwayil biyu ne a ciki, kowanne yana ciyar da fulogi biyu. In kowane fulogi da nasa kwayil a kansa, to kwamfutar inji ce ke riƙe da komai, wadda masu gyara ke kira birenbos. Akwai kuma akwatin CDI, mai tara wuta ya jefa wa kwayil, irin na kamfanin MSD, da masu son gudu ke sawa.

Kayan aiki: mita mai auna V da om da mA, in son samu ne mai Hz, ƙarfen dalma da dalmarsa, ƙananan sukundireba, robar rufe waya mai tsukewa da zafi. Rile da soket da waya za ka samu a Ƙofar Ruwa. Rezista da dayod da tiranzista kuwa sai Sabon Gari, wajen masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin. Rubuta lambobin a takarda ka miƙa wa mai shago, kada ka tsaya faɗa da baki cikin hayaniyar kasuwa. Ka sayi biyu-biyu, ba su da tsada.

Gargaɗi biyu kafin a ci gaba. Wayar da ke tsakanin kwayil da agogo in ta taɓa jikin mota, inji zai mutu nan take, kuma mojul na iya tafiya da shi. Sannan kada ka bari a soka fitilar gwaji a wayoyin kwamfutar inji. Mita kawai.

Mataki na 3: kwayil ɗaya da mojul

In agogonka mai jin ƙarfin wuta ne, mayar da wayarsa gefen ɗebewa na kwayil, inda baƙar wayar mojul take. Sau da yawa shi ke nan, domin wanda ya sa mojul ɗin ne ya bar wayar tana lilo, ko ya ɗaura ta a gefen tarawa. Tada mota ka gani.

In allura tana rawa ko tana haurawa sama haka kawai, saka rezista 10k mai rabin wat a tsakiyar wayar, kusa da kwayil. In ba ta natsu ba gwada 15k. In ta daina motsi gaba ɗaya, ka yi yawa, sauko zuwa 4.7k. Duba wayoyin fulogi ma. Masu zallar tagulla a ciki suna watsa hayaniyar wuta da ke rikita agogo da mojul baki ɗaya, a canza su da masu rezista. Kuma ka auna tsakanin ƙafafun kwayil biyu ka tabbata ya dace da mojul ɗin. Pertronix na farko, alal misali, a inji mai silinda 4 ko 6 yana son kwayil da bai gaza om 3 ba.

In RVI ne, ga dabarar da za ka fara gwadawa. Matsalarsa ita ce mutane suna ɗaura jar wayar mojul a gefen tarawa na kwayil, sai wutar da mojul ke sha ita ma ta bi ta cikin agogon ta dagula ƙirgen. Cire jar wayar daga nan, ka ja mata wata waya daban daga wutar makulli, daga wurin da bai kai ga agogon ba tukuna. Yanzu wutar kwayil kaɗai ke ratsa farar wayar. Wasu agogunan suna dawowa daidai da wannan. Wasu kuma sun tsufa, tiranzistocin jamaniyam da kafasitocin cikinsu sun gaji, ba za su yarda ba. Irin waɗannan kada ka ɓata lokaci, wuce mataki na 6.

Mataki na 4: kwayil biyu

A nan kowane kwayil yana yin wuta sau ɗaya ne a juyi ɗaya. In ka ɗauki saƙo daga guda ɗaya, agogon zai nuna rabi cif: inji na 3000, allura na 1500. Maganin shi ne a haɗa bugun biyun ba tare da kwayil ɗin sun taɓa juna ba.

Nemi dayod 1N4007 guda biyu da wani irin dayod da ake kira zena mai 18V, irin 1N5355. Kowane dayod yana da zobe a gefe ɗaya. Gefen da ba zobe na dayod na farko ya tafi wayar ɗebewa ta kwayil na farko, na biyu ya tafi ta kwayil na biyu. Haɗa gefen zoben su biyun wuri guda, ka liƙa su da gefen zoben zena. Ɗaya ƙafar zena ita za ta tafi agogo. Aikin zena shi ne ta tare 12V zuwa 14V ɗin da ke zaune kullum a kan kwayil ɗin da ba ya aiki a lokacin, ta bar tsallen wutar kaɗai ya wuce. Ba ita, agogon ba zai ga saukar bugu ba balle ya ƙirga. Wannan yana aiki ne kawai in dunƙulen kwayil ɗin mai waya uku ne, tarawa ɗaya da ɗebewa biyu. In mojul ɗinsa a cikinsa yake, ba ka da hanyar isa ga tsallen, sai mataki na gaba.

Mataki na 5: saƙo daga kwamfutar inji

Ka nemo zanen wayoyin injin da aka ɗora maka, ka gano ƙafar da ke fitar da saƙon agogon juyi. Kada ka yi cinke. Sa mita a Hz, inji yana silo, wato yana aiki ba a taka totur ba: mai silinda 4 a juyi 900 zai nuna 30Hz, kuma lambar za ta hau in an taka totur. Injinan baya-bayan nan da yawa ba su da wannan ƙafa sam, ta layin CAN, wato wayoyin da kwamfutocin mota ke aika wa juna saƙo, suke aika juyin, su kam sai an sayi akwatin da ke fassara shi.

In ka samu ƙafar, fara haɗa ta kai tsaye da agogon. In ya yi aiki, alhamdu lillahi. In bai motsa ba, sai mu ƙirƙiro masa tsallen da ya saba da shi, da rile na mota.

Ka ce wa mai shago, "Maigida, rile nake so wanda ba dayod ko rezista a cikinsa." Zai iya cewa duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Duba zanen da ke jikin rilen: in akwai wani abu da aka zana a gefen naɗin waya tsakanin ƙafa 85 da 86, ajiye shi, domin an sa shi ne musamman don ya kashe tsallen da kai kake nema. Ɓalle murfin wanda ka saya, ka cire ƙarfen da ke motsi don kada ya dame ka da ƙara. Naɗin wayar kawai muke so.

Haɗin ga shi. Wutar makulli ta bi ta rezista om 100 mai wat 2, ta shiga ƙafa 86. Ƙafa 85 ta tafi kolekta na tiranzista 2N5551 (ƙafafunsa uku su ne kolekta, bes da emita), kuma daga wannan mahaɗar ne wayar agogo za ta fita. Emita ta tafi jikin mota. Saƙon kwamfuta ya bi ta rezista 1k ya shiga bes. Duk sanda tiranzistan ya yanke, naɗin rilen zai yi tsalle sama da 100V, kamar ƙaramin kwayil. An zaɓi 2N5551 ne don yana jure 160V. In ka sa irin BC547 a nan, ba zai kai ka bakin titi ba. Wasu kwamfutocin ba sa fitar da wuta da kansu, jan wayar kawai suke yi zuwa jikin mota. In mita ba ta ga komai a ƙafar ba, sa rezista 1k tsakaninta da wutar makulli ka sake aunawa.

Maganar CDI gajera ce: kada ka kuskura ka haɗa agogo da kwayil. Akwatin yana jefa wa kwayil sama da 400V, kuma irin na MSD yana yin wuta sau da yawa a jere in juyi bai kai 3000 ba. Yana da tasa ƙafar ta agogo mai 12V. Daga nan za ka ɗauka, in ya ƙi ka bi ta rile.

Mataki na 6: canza cikin agogon, a bar fuska da allura

Ni a ganina wannan ce hanyar da ta fi, musamman ga RVI da duk agogon da aka sauya wa yawan silinda. Allon kayan lantarki na cikin agogon da ya shekara arba'in ko hamsin yana shan zafin Kano, inda a watan Afrilu ake haura digiri 40 a inuwa balle a bayan gilashin mota, ko ya yi aiki yau ba lallai ya faɗi gaskiya ba.

Buɗewa tukuna. Zoben gaban Smiths murɗa shi ake yi har haƙoransa su zo daidai da gurbinsu, ya fita. Na VDO da yawancin na Faransa matse shi aka yi, sai ka kifa agogon a kan tsumma, ka bi bayan zoben da ƙaramin sukundireba kana ɗaga shi kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku. Mai gaggawa zai tsaga zoben. Yi aikin a ɗaki a rufe, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Kada ka sa yatsa a fuskar, kada ka goge ta da fetur ko sifirit, lambobin za su bi tsumman. Kada kuma ka cire allura. Kwance sukurorin baya, kayan cikin za su zamo waje gaba ɗaya.

Za ka ga wayoyi biyu sirara sun tashi daga allon zuwa injin allurar. Cire su daga gefen allon, ba daga gefen allura ba, domin can akwai siririn sifirin da zafin dalma ke lalatawa. In wayoyin huɗu ne, wani irin inji ne na shekarun baya, wannan da'irar ba tasa ba ce, mayar ka bi hanyar rile.

Yanzu auna abin da allurar ke sha. Jera batir 9V, da rezista om 330, da rezista mai juyawa 10k da ka buɗe har ƙarshe, da mita a mA, da injin allurar, duk a layi ɗaya. Rage mai juyawar a hankali har allura ta kai ƙarshen fuska, ka rubuta abin da mita ta nuna. Da yawa wajen 10mA ne. Ka lura da tafiyarta ma. In tana maƙalewa a hanya, ba matsalar wuta ba ce, kai ta wurin tsohon mai gyaran agogon hannu ya wanke mata mazauni.

Sabon allon a kan IC 555 za a gina shi. Aikinsa shi ne duk bugun da ya shigo, dogo ko gajere, mai ƙarfi ko rarrauna, ya mayar da shi bugu mai tsawo ɗaya da ƙarfi ɗaya. Yanki ɗan allo mai huji-huji daidai girman tsohon.

Ɓangaren wuta: wutar makulli ta bi ta 1N4007 ta shiga regileta 7808, da kafasita 330nF a shigarsa da 100nF a fitarsa. Wannan 8V ɗin shi zai ciyar da komai, don kada allura ta riƙa hawa da sauka in ka kunna fitila.

Ɓangaren shiga: saƙo ya bi ta rezista 22k mai wat 1 zuwa bes na BC547. Tsakanin bes da jikin mota sa abu uku, kowanne ƙafa ɗaya a bes ɗaya a jiki: rezista 4.7k, kafasita 22nF, da dayod 1N4148 wanda zobensa ke kallon bes. Emita zuwa jiki. Kolekta zuwa 8V ta rezista 10k, sannan daga kolekta kafasita 10nF zuwa ƙafa ta 2 ta IC. Ita ma ƙafa ta 2 a ba ta 10k zuwa 8V, da wani 1N4148 a gefen rezistan, zobensa a 8V. A nan BC547 ba ya cikin haɗari, 22k ɗin ya tare masa.

Ɓangaren IC: ƙafa ta 1 jiki, ta 4 da ta 8 zuwa 8V, ta 5 kafasita 10nF zuwa jiki. Haɗa ta 6 da ta 7, daga nan rezista zuwa 8V da kafasita 100nF zuwa jiki. Tsawon bugun shi ne 1.1 sau rezista sau kafasita. Da 18k za ka samu kusan kashi 2 cikin 1000 na daƙiƙa, wanda ya dace da silinda 4, tunda a juyi 7000 tazarar bugu da bugu kashi 4.3 cikin 1000 na daƙiƙa ce. Ga silinda 6 tazarar ta sauko 2.9, sai ka sa 15k ko 12k. Wannan kafasita 100nF ɗin ka nace sai irin ta leda mai kusurwa huɗu. 'Yar kwalba mai launin ƙasa da za a fara miƙo maka tana canza ƙima da zafi, agogonka zai faɗi abu ɗaya da asuba, wani da azahar.

Fita: ƙafa ta 3 ta bi ta rezista om 100 da ƙaramin rezistan saiti om 500 zuwa injin allura, ɗaya wayar ta tafi jiki. Wannan na mai shan 10mA ne. In naka 1mA yake sha, rezistan saitin ya zama 5k. In allura ta nemi komawa baya, juya wayoyin biyu. In tana karkarwa a silo, sa kafasita 220uF a kan wayoyin nan biyu, gefen ɗebewarta a jiki.

Mataki na 7: saiti

Ga inda lambobin nan biyu za su yi aiki. Wutar gida a Najeriya 50Hz ce. Samo ƙaramin tiransifoma mai fitar da 12V, irin na tsohuwar rediyo. Ciyar da agogon daga batir, ka haɗa waya ɗaya ta tiransifoman da jiki, ɗaya da wayar saƙo. Ga silinda 4, allura ta tsaya a 1500. Sai ka bi da wutar tiransifoman ta gadar dayod huɗu, ba tare da kafasita ba, bugun ya ninka ya zama 100Hz, wato 3000. Yi saitin a 3000, ka dawo ka duba 1500. Ga silinda 6 lambobin su ne 1000 da 2000. Rufe gefen 230V na tiransifoman da kyau kafin ka jona.

Kada ka yi wannan da wutar janareta, gudunsa yana hawa da sauka da nauyin da ke kansa. Ko wutar layi ce, sa mita a Hz ka ga abin da ke zuwa. In ta nuna 51, to 1530 za ka nema ba 1500 ba. Riƙe agogon a tsaye yadda zai zauna a dashbod yayin saitin, ba a kwance ba. In 3000 ya yi daidai amma 1500 ya kauce sosai, duba ko allura tana komawa sifili sosai in an cire wuta. Da ka gama, ɗiga ɗan jan farce a kan rezistan saitin don kada girgizar hanya ta juya shi.

Agogon da ba ka canza wa allo ba wataƙila tiransifoma ba zai tada shi ba. Shi a mota za ka saita shi, ka gwada shi da fitilar taimin mai nuna juyi, ko da na'urar da ake jonawa a soket ɗin kwamfuta in injin na zamani ne. Da yawansu suna da sukurun saiti a ciki ko ta wani ɗan huji a baya.

Mataki na 8: mayarwa da gwaji

In RVI ka canza, kada ka manta fararen wayoyin nan biyu. Haɗa su da juna da dalma ka rufe, in ba haka ba kwayil ba zai sami wuta ba. Sai ka ja sabuwar waya daga gefen ɗebewa na kwayil zuwa agogon. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfen da ya raba inji da cikin mota, ta bi ta roba, kuma ka nisanta ta daga wayoyin fulogi da salansa. Ba da wutar agogon ta fiyus ƙarami, 1A ya isa. Haɗi duk da dalma, ban da murɗe waya a naɗe da baƙin salatif, wanda zafi ke saki cikin 'yan watanni.

Tada mota ka bar ta ta yi zafi. A silo ya kamata ka ga tsakanin 750 da 900. Taka totur a hankali zuwa 3000 ka sake, allura ta hau ta sauka ba tare da tsalle ba. Kunna manyan fitilu da fanka: in ta motsa, wayar jikin agogon ba ta kama da kyau ba, kankare fenti ka sake ɗaurewa. In tana nuna rabi, daga kwayil ɗaya kake ɗauka cikin biyu. In rubu'i ne, daga kwayil ɗin fulogi guda ne. In tana ninkawa a silo ta daidaita a sama, hayaniyar kwayil ce take ƙirgawa sau biyu, ɗaga kafasitan bes daga 22nF zuwa 47nF, in ya ƙi 100nF. In tana tafiya daidai sai a wajen 5000 ta faɗo, bugun IC ɗin ya yi tsawo, rage rezistan ƙafa ta 7 ka sake saiti. In kuma injin ne ya fara shaƙewa bayan ka haɗa agogon, kashe shi nan da nan ka zare wayar saƙon daga kwayil, akwai inda take taɓa jiki.